Baba Rasaki Ya Auna Ni Ranar Juma'a

Baba Rasaki ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye a ƙofar shago da makulli a hannu, ko buɗewa ban yi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sista Ngozi ce ta kira ni, nas ɗin nan ta Sabon Gari da ya koyar tun tana budurwa. Ta ce, "Malam Habu, Baba ya tafi bayan sallar asuba. Kafin ya cika ya ce a gaya maka farin yadinsa yana wajenka."

Na ce to. Ban san me na ƙara cewa ba.

Ba rasuwar kaɗai ce ta kashe mini jiki ba. Tsoho ne, kowa ya san ya daɗe yana fama. Abin shi ne yau Talata, kuma yau ya ce zai biyo ya tafi da ni asibiti saboda ƙafata ta hagu. Ni kuwa na gama shirin guje masa. Sammakon da na yi ma don in ɗauki kuɗin mota ne in shige kasuwa kafin ya iso.

Bari in faɗa wa waɗanda ba su san mu ba.

Ni tela ne a Fagge. Shi kuma Bayarabe ne haifaffen unguwar nan, Hausarsa ta fi ta wasunmu tsafta. A ɗakin awon jini ya yi aiki, ya kuma koyar da masu koyon aikin asibiti har ya yi ritaya. Dogo ne siriri, irin mutanen da tela ba ya cin riba a kansu.

Shekarar da soja suka miƙa mulki muka saba. Wanda bai ga Fagge a lokacin ba bai ga ɗinki ba. Kaki ya tafi, babbar riga ta dawo. Duk wanda ya taɓa riƙe wa ɗan takara jaka yana son shadda, kuma yana son ta gobe. Cikin wannan hayaniyar Baba ya kawo wani tsohon wando a yi masa faci. Na ce ya zauna a benci ya jira.

Zaman da ya yi kenan. Bencin ya zama nasa.

Mu teloli muna da wata al'ada. Ba ma faɗin awon mutum da ƙarfi, musamman awon ƙugu. Alhaji zai zo ɗinkin ƙaramar salla, ka zagaya masa tef. Ya dawo na babbar salla, ka ga tef ya ƙara tafiya. Ba za ka faɗi awon ba. Sai ka yi murmushi ka ce, "Alhaji an sami ci gaba," ka ƙara yadi a ɓoye. Shi ya tafi yana jin daɗi, kai ma ka riƙe kwastomanka. Haka na koya a wajen maigidana, haka shi ma ya koya.

Baba yana zaune yana kallon babban yatsana a kan tef. Bai taɓa kallon fuskar kwastoma ba, yatsana yake kallo.

Wata rana shago ya yi shiru, ya ce, "Habu, miƙo mini rigar can." Ya juya bakinta ya nuna mini shafin da muke sawa ta ciki. Ya ce, "Jijiyar jini ma tana da shafi irin wannan. Sumul yake, jini yana wucewa ba ya kama komai. Amma wani lokaci shafin yakan fusata, ya yi kumburin da ba ya zafi, ba ya nunawa a waje. In ya fusata sai ya yi danƙo. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, sai su riƙa mannewa a jikinsa suna kutsawa ƙarƙashi. Maiƙo ya taru, hanya ta fara matsewa."

Na ce, "To Baba wa ke lallashinsa?"

Ya yi dariya ya ce, "Kitse."

Na ɗauka tsokanata yake yi, don a lokacin teɓata ta fara leƙowa. Ya ce wallahi da gaske yake. Kitsen jikin mutum ba ajiya ba ne kawai, yana haɗa wani sinadari yana aikawa cikin jini. Ya faɗi sunan, adifonektin, ya sa na maimaita har bakina ya saba. Aikinsa shi ne ya je ya kwantar wa shafin nan da hankali, danƙon ya ragu, sojojin su wuce abinsu. Ya ce, "Kamar dai yadda aka ce wa namu su koma bariki."

Na shafa cikina na ce, "Ashe mu masu tumbi mun tsira."

Nan dariyarsa ta ɗauke. Ya ce, "A nan abin tsoron yake. Duk yadda kitsen ciki ya ƙaru, haka aiken yake raguwa. Kitsen da ya kamata ya lallashi jijiya, in ya yi yawa sai ya yi shiru. Kai kana ƙara wa Alhaji yadi, a cikinsa kuma ana rage masa hanya."

Tun ranar, in na zagaya wa mutum tef sai in ji kamar akwai wani abu da ke motsi a ƙarƙashin rigar, wanda mai rigar bai san da shi ba.

Matsalar Baba ita ce ba ya iya shiru.

Alhaji Tanko, babban dillalin sukari a Kasuwar Singa, shi ne kwastomana na farko a girma, ta kowace fuska. Ina cikin auna shi Baba ya miƙe, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Alhaji, don Allah ka je a duba maka jini. Ka rage zaman mota, ka riƙa taka ƙasa." Alhaji ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, yunwarka ce ke damunka, ba lafiyata ba."

Damina ba ta kai ƙarshe ba Alhaji Tanko ya faɗi a ƙofar sito. Ɓarin jikinsa ya shanye. Bai ga wata salla ba, Allah ya ji ƙansa.

Bayansa wani ma ya faɗi. Sai kuma wani, mai otal a Titin Ibrahim Taiwo. Kowannensu sai da Baba ya miƙe daga bencin nan ya yi masa magana.

Kun san mutanenmu. Ba wanda ya ce mutumin ya gani ne ya faɗa. Cewa aka yi kambun baka gare shi. Wasu ba su tsaya nan ba, suka ce aikinsa fa jinin mutane ne, kullum yana zuƙa yana zubawa a kwalabe, wa ya san inda yake kaiwa? Maganar ta zagaya Fagge ta shiga Singa: in Bayaraben nan na shagon Habu ya dubi cikinka, ka fara sallama da iyali.

Na ga manyan mutane, masu jiki da suna, suna leƙo shago, in suka hango shi sai su tattare riga su rufe tumbi da hannu biyu su juya. Abin dariya ne, amma a lokacin ba wanda ya yi dariya.

Ni ban taɓa ce masa ya daina zuwa ba. Shi ne ya lura da kansa. Wata safiya na zo na tarar ya juya bencin yana fuskantar bango. Ya ce, "Kar in kashe maka kasuwa, Habu. Zan zauna haka, idona ba zai ga kowa ba."

Shekara da shekaru haka yake zama. Ka shigo shagon tela ka ga dogon tsoho ya ba ɗaki baya yana kallon bango, yana jan carbi. Baƙo in ya shigo sai ya rage murya bai san dalili ba. Ni kaina wani lokaci in na ɗago kai na ga ƙeyar nan, tsigar jikina takan tashi.

Amma ni na san wane ne a bencin.

Lokacin da Innata take ciwon ajali, an ba mu takardar awo ba wanda ya gane komai a ciki. Baba ya biyo ni gida, ya cire takalmi, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, ga abin da jininki yake cewa." Ya yi mata bayani da Hausa a hankali, bai ɓoye ba, bai kuma tsorata ta ba. Bayan ya fita ta ce mini, "Wannan ɗan albarka ne, ka riƙe shi."

Shi ba ya cin goro, amma duk ɗaurin auren da ya je sai ya karɓo ya kawo mini.

In zarena ya sarƙe ina tsaki, ko juyowa ba ya yi zai ce, "Yi haƙuri da shi, shi ma ba da son ransa ba ne."

Mutum ɗaya na sani da ya saurare shi a fili, Malam Isa mai goro. Baba ya yi masa magana, bai yi fushi ba. Ya ajiye babur ya koma tafiya da ƙafa daga Rijiyar Lemo zuwa kasuwa, ya rage tuwon dare. Bayan wani lokaci ya kawo mini rigunansa in rage musu faɗi. Mutane suka ce wayyo, maitar ta fara cin Malam Isa, dubi yadda ya zube. Shekarun nan duk yana nan yana yawonsa, ya binne da yawa daga cikin masu yi masa jaje.

To, ranar Juma'ar da ta wuce ce haɗuwarmu ta ƙarshe.

Ya daɗe bai fito ba. Bayan an sauko daga masallaci sai ga shi yana dogara sanda, da ƙunshin farin alawayyo a hammata. Ya ajiye a kan teburin yanka ya ce in adana masa. Ban tambaya ba, tsofaffi da yawa suna ajiye likkafaninsu, kuma ba abin da ake tambaya ba ne. Na ga yana ta juya allina a hannu, na bar shi na koma kan keke.

Ya zauna kamar kullum, fuska a bango. Ina ɗinki, ina ɗinki, na tsaya. Na ci gaba, na sake tsayawa.

Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Habu, tun yaushe kekenka ya koyi hutu?"

Na ce zare ne.

Ya ce, "Na san ƙarar zare in ya tsinke. Ka taka, ka tsaya, ka jira, ka sake takawa. Wace ƙafar ce?"

Wallahi ba wanda na gaya wa, ko matata. Watanni kenan in na taka keke na ɗan lokaci sai sha-raɓata ta hagu ta ƙulle kamar an ɗaure ta da igiya. In na huta sai ta saki. Da safe kuma yatsun suna yin sanyi ko ana zafi.

Sai Baba ya juya bencin.

Na manta rabon da in ga fuskarsa daga kan bencin nan. Ya miƙe, ya zo, ya zare tef daga wuyana. Ya ce, "Ɗaga hannu."

Ni da nake auna mutane tun ina saurayi, ba a taɓa auna ni ba. Kayana da ido nake yankawa, in saki yadi yadda na ga dama. Na tsaya a tsakiyar shagona hannu a sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Hannunsa yana da sanyi ta cikin riga. Ya zagaya tef ɗin, ya haɗa, ya daɗe yana kallon wurin da yatsansa ya tsaya. Ya ɗauki fil a kan tebur ya soka daidai wurin, ya rataye tef ɗin a ƙusa.

Ya ce, "Tef ba likita ba ne, ba ya yanke hukunci. Amma ƙafarka ta riga ta yi magana. Kuma sinadarin kitsen nan da na taɓa gaya maka ba a sayar da shi a kemis, jikinka ne zai koma yin sa in ka ba shi dama. Na yi wa Ngozi magana. Talata da safe zan biyo ta ƙofar shagon nan, ko ka so ko ba ka so za ka bi ni."

Na ce, "Baba, kai da ƙyar kake tafiya."

Ya ce, "Kai dai ka zama a ƙofa."

Da na koma gida na ba Binta matata labari, ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, ya auna ka? Da hannunsa?" Ta tashi ta kawo garwashi ta turara mini riga da hazbo, tana ta karanto addu'o'i.

Na ce mata camfi ne, kuma na san camfi ne. Amma ba zan ɓoye muku ba, Asabar da Lahadi da Litinin ban iya taɓa tef ɗin nan ba. Aro na yi a maƙwabta. Yana rataye a ƙusa da fil ɗinsa, in fanka ta kaɗa sai ya riƙa lilo yana taɓa bango. Na ji tsoro. Ban san me na fi tsoro ba, maganar mutane ko maganar Baba. Shi ya sa na yanke shawarar in ɓace yau.

Sai ga wayar Sista Ngozi.

Ba a jima ba dattawan gidansa suka aiko da igiyar da aka auna tsawonsa da ita. Na buɗe shago, na warware alawayyon a kan tebur, na ɗauki almakashi. Sai na ga layukan alli a jikin yadin, allina, shuɗi. Ya ja duk inda za a yanka. Na ɗora igiyar a kai, ta zauna daidai kamar an yi su tare.

Na san mutum zai iya sanin tsawonsa. Na gaya wa kaina haka. Duk da haka sai da na zauna a bencinsa kafin hannuna ya yarda ya yanka.

Aka yi masa wanka, aka sa masa suturar, aka yi salla a ƙofar gida. Jama'a sun taru fiye da yadda na zata. Har da masu rufe tumbi na gani a sahu.

Aka ɗauki makara. Hanyar maƙabarta daga gidansa ba ta bi ta layinmu, amma yau ana haƙar kwata a can, sai masu gaba suka karya kwana. Ina cikin jama'a na ɗago kai na ga allon shagona. Talata da safe, ya biyo ta ƙofar.

Na kuma bi shi.

Na kutsa na karɓi kusurwar makara ta hagu. Ba nauyi, kamar ba kowa a ciki. Kun san yadda ake tafiya da gawa, da sauri, ba a jiran kowa. Na yi niyyar sai na kai shi har bakin kabari, ko ba komai in zuba masa ƙasa da hannuna.

Ba mu yi nisa ba ƙafar ta fara. Na cije. Ta ƙara ɗaurewa. Muna isa mararrabar da hanyar Sabon Gari ta rabu, ta ƙi gaba ɗaya, kamar ba tawa ba. Makarar ta karkata ta ɓangarena. Sai na ji wani ya sa kafaɗa a ƙarƙashi ya ce, "Saki, Malam Habu, na karɓa." Malam Isa mai goro ne, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya wuce da ita yana sauri kamar matashi.

Na tsaya a bakin titi na dafa turken wutar lantarki, ina kallon farin yadin da na ɗinka yana tafiya a saman kawunan mutane har ya ɓace mini. Na yi kuka a wurin, ban ji kunyar kowa ba.

Ina tsaye adaidaita ta tsaya a gabana. Sista Ngozi ce a ciki, ta fito daga wajen matan gidan za ta koma aiki. Idonta ya yi ja. Ta matsa gefe ta ce, "Shigo, Malam Habu. Dama ni ya ce in jira ka."

A bencin asibitinsu nake rubuta wannan. Ta sa na cire takalmi, ta daɗe tana laluben bugun jini a bayan ƙafar dama, ta samu. Ta koma ta hagu, ta daɗe, ta daɗe. Daga baya ta ce, "Da sauran hanya, amma ta matse. Likita zai gan ka yanzu. Gara da ka zo yau."

Ban san me likita zai ce ba. Da ƙafar nan nake ciyar da gidana.

Abin da na sani shi ne mun bar mutumin nan yana kallon bango shekara da shekaru saboda ya faɗa mana gaskiya. Bai kashe kowa ba. Ya ga mutane suna tafiya ne, ya kasa yin shiru.

Kwastomomina, ku yi haƙuri da ni. Daga yau duk wanda na auna zan faɗa masa abin da tef ya nuna, da ƙarfi, in ya so ya canja tela.

Tef ɗina yana aljihuna, ban san lokacin da na ciro shi daga ƙusa ba. Fil ɗin yana nan inda Baba ya soka. Ba zan zare shi ba sai ranar da na zagaya ƙuguna na ga ban kai wurin ba.

Ya Allah, ga bawanka Abdurrazaƙi, Baba Rasakinmu, ya zo gare ka. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya masa shi kamar yadda ya sanyaya wa Innata zuciya. Ka juyo da fuskarsa zuwa ga rahamarka, ya gaji da kallon bango. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka yafe mana abin da muka ce a kansa.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kar ya wuce bai yi masa addu'a ba, ko bai san shi ba. In addu'ar ta yi saura, a sa ƙafata ta hagu a ciki.

Sun kira sunana.